Me ake cewa da Turanci idan mota tana sa mutum jiri da tashin zuciya?

Ɗaliba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a Turanci. Mahaifiyata ba ta iya yin doguwar tafiya a mota ba tare da jiri ya ɗebe ta ba, zuciyarta ta riƙa tashi, gumi mai sanyi ya karyo mata, wani lokaci har ta yi amai. Da na raka ta wurin wani likita da ba ya jin Hausa, ni ce na yi tafinta, na ce masa "she is dizzy". Sai ya tambaye ni ko ɗakin take gani yana juyawa, ko kuwa ji take kamar za ta suma. Na yi tsuru-tsuru, domin a wurina duka jiri ne. Za mu koma mako mai zuwa, kuma ina so in tafi da kalmomin da suka dace.

Malamin Turanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Sunan wannan larura gaba ɗaya shi ne "motion sickness", a Ingila kuma ana yawan cewa "travel sickness". Idan ana son a ambaci abin hawan, sai a ce "carsick" ga mota, "seasick" ga jirgin ruwa, "airsick" ga jirgin sama, saboda haka jimla guda ta isa ki buɗe bayani da ita: "she gets carsick".

Tashin zuciya shi ne "nausea", kalmar da ta samo asali daga sunan jirgin ruwa a harshen Girka, wato tun farko ciwon matafiya a teku take nufi kafin ma'anarta ta faɗaɗa. Mai fama da shi yakan ce "I feel nauseous" ko "I feel nauseated". Akwai masu tsaurin nahawu da ke cewa ta farkon tana nufin abin da ke tayar wa mutane zuciya, amma a ganina wannan gardamar ta malamai ce kawai, domin babu likitan da zai kasa fahimtar ki. Idan abin bai yi tsanani ba, "queasy" ta fi dacewa. Shi kuwa amai, "vomit" ce kalmar asibiti, "throw up" ta hira ce, "puke" kuma kalma ce mai kaushi da ba a faɗin ta gaban manya, kamar yadda mu ma muke zaɓen "haraswa" idan muna son sakaya zance. Kakarin da ba ya fitar da komai shi ne "retching".

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan tsaya a kan tambayar likitan, domin ba don ya ƙure ki ya yi ta ba. Kalmar "dizzy" kamar buhu take, kowa da abin da yake zubawa a ciki, shi ya sa ake son a ji yadda mara lafiya yake ji a jikinsa. Idan mutum yana tsaye cik amma yana ganin bango da rufi suna zagayawa, irin hajijiyar da yaro ke yi bayan ya yi ta juyi, wannan shi ne "vertigo", kuma galibi daga can cikin kunne matsalar take, inda sassan da ke daidaita tsayuwar jiki suke. Sai ki ce "the room is spinning". Idan kuwa kai ne ya yi sakayau, ido ya yi duhu, musamman idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, sai a ce "lightheaded" ko "I feel faint", wanda sau da yawa yake nuna jini bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba na ɗan lokaci. Mai tafiya yana tangaɗi kuma "unsteady" ake ce masa.

Na mota kuwa yana faruwa ne saboda kunne yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki yana motsi, alhali ido yana kallon bayan kujerar da ba ta motsi. Ki tambayi Mama da Hausa tukuna, ki saurari yadda za ta kwatanta, sannan ki nemi kalmar.

Mazaunin Ingila ya amsa:

Ki yi hattara da kalmar "sick". A Ingila, "I feel sick" na nufin zuciyata tana tashi, "she was sick" kuma sau da yawa na nufin ta yi amai, amma a Amurka ma'anar da aka fi sani ita ce ba ta da lafiya. Ni kaina na taɓa ce wa wata ma'aikaciyar asibiti ɗana "was sick" jiya, ina nufin zazzaɓi, sai ta tambaye ni sau nawa ya yi, kuma mene ne launinsa.

Ɗaliba ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi Mama kamar yadda Anti ta ce, ta gaya mini cewa a mota tashin zuciya ne kawai, amma da asuba idan ta juya a kan gado ɗakin yakan juya mata na ɗan lokaci, abin da ba ta taɓa faɗa mini ba. Na rubuta "carsick" da "vertigo" daban-daban a takardar da zan tafi da ita.