An ce kwalbatin na ruwan shekara 25 ne, ga shi ruwa ya haye shi a damina ta uku

Birkilan Unguwa:

Assalamu alaikum. Ni magini ne, shekarata 19 ina aikin kankare, yawanci kwalbatoci da magudanan ruwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan Agusta, shi ya sa na kawo shi gaban masu ilimi.

Shekara uku da suka wuce mutanen unguwarmu suka yi karo-karo aka gina kwalbati a kan ƙoramar da ta raba mu da bakin titi. Mai baki biyu ne, kowane baki mita ɗaya da rabi faɗi, mita ɗaya da rabi tsayi. Ni na ɗaure rodi da hannuna, ni na tsaya a kan kwaɓi, ban bari an rage ko buhu ɗaya na siminti ba. Injiniyan da ya zana mana ya ce a gaban dattawa: an auna shi ne don ruwan shekara 25.

Ran wata Laraba ruwa ya sauko bayan isha'i, kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai wajen ƙarfe biyun dare. Da asuba na fita da tocila. Ruwa na bi ta saman kwalbatin, ya kai mini gwiwa. Da ya janye, kankaren na nan daram, ko tsaga babu, amma jar ƙasar da muka cike gefe da gefe ta tafi, ta bar rami har wani mai a-daidaita-sahu ya faɗa ciki. Yanzu in na wuce majalisa sai a yi shiru. Wasu na cewa mun ci siminti, wasu na cewa injiniya ya yaudare mu.

Tambayata: mene ne ma'anar ruwan shekara 25? In shekara 25 ne, me ya kawo shi a ta uku? Ko dai lissafin nan ba shi da tushe, tunda ruwa na Allah ne, ba wanda ya san ranar saukarsa?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Sunan ne ke rikita mutane, har da ɗalibaina. Ba a nufin ruwan zai jira shekara 25 kafin ya zo. Abin da ake nufi shi ne, a kowace damina, yiwuwar a samu ruwa mai wannan girma ko fiye ɗaya ce cikin 25, wato kashi 4 cikin ɗari.

Ka samu jaka, ka zuba farin wake 24 da jan wake ɗaya. Kowace shekara ka rufe ido ka zaro ƙwaya ɗaya, ka duba, ka mayar, ka girgiza. Mayarwar nan ita ce zuciyar maganar. Jakar ba ta tuna abin da ka zaro bara. Jan waken zai iya fitowa a karo na uku, zai iya fitowa sau biyu a jere, zai kuma iya ɓuya shekara 60.

Ga lissafin. Yiwuwar ka tsira a shekara ɗaya 24 ce cikin 25, wato 0.96. A shekara uku ka ninka 0.96 da 0.96 da 0.96, ka samu kusan 0.885. Ke nan yiwuwar jan wake ya fito cikin shekara ukun farko ta kai kashi 11 da rabi cikin ɗari, kusan ɗaya cikin tara. Wannan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. A cikin shekara 25 cif kuwa, yiwuwar ya fito aƙalla sau ɗaya kashi 64 ce, ba ɗari ba. Kuma da za a gina kwalbati ɗari irin naka a garuruwa masu nisa da juna, a tsaka-tsaki huɗu daga ciki ruwa zai haye su kowace shekara, ko da babu wanda ya rage siminti.

Maganarka cewa ruwa na Allah ne gaskiya ce, kuma wannan lissafi ba ya da'awar sanin gaibu. Ba ya faɗin rana. Yawan aukuwa yake ƙiyastawa, don mai gini ya san girman bakin da zai buɗe.

Injiniyar Ruwa:

Malam Birkila, sannu da wannan jarrabawa. Bayanin Malam daidai ne, amma ni ina da shakka a kan jakar kanta: wa ya tabbatar wake 25 ne a ciki?

Ga yadda muke samo lambar. Muna karɓar bayanan ruwan sama na tashar da ta fi kusa, galibi daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya. A kowace shekara mu ɗauki ruwan da ya fi kowanne ƙarfi, shi kaɗai. In bayanan na shekara 30 ne, lamba 30 ke nan a hannunmu. Sai mu ɗora su a kan wani tsarin lissafi, wanda aka fi amfani da shi shi ne na Emil Gumbel, Bajamushen da ya fitar da littafinsa kan lissafin abubuwan da suka wuce kima a 1958. Daga nan mu karanto girman ruwan da ke zuwa sau ɗaya cikin 25. To lamba 30 ba su da yawa. Ƙara shekara ɗaya mai mamakon ruwa na iya ɗaga amsar sosai. Sannan tashar na iya zama a filin jirgin sama, nisan kilomita 40 daga ƙoramarku, alhali kowa ya san hadarin Agusta kan juye a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita da yayyafi.

Abu na biyu, kuma shi na fi zargi. Ruwan da ke isa bakin kwalbati ba na sama ba ne kawai, ya danganta da abin da ƙasa ta sha. Akwai tsohuwar dabara tun 1851, ta wani injiniyan Ayalan mai suna Thomas Mulvaney: a ninka ƙarfin ruwan sama da faɗin filin da ke zubo ruwa, da kuma kason da ke gangarowa bai nutse ba. A gona mai rairayi kason nan na iya zama uku cikin goma ko ƙasa da haka. A rufin kwano da daɓen siminti yana kaiwa tara cikin goma. In a shekara ukun nan an yanka gonakin sama da ku an yi filotai, kason na iya tashi daga uku zuwa shida, ruwan da ke zuwa muku ya ninka biyu, alhali sama ba ta ƙara ko ɗigo ba. Ruwan shekara biyar sai ya yi muku ɓarnar na shekara 25. Ka ƙara da leda da yashi da ke rage bakin.

Zaɓen 25 kuma magana ce ta kuɗi. Bayan ambaliyar teku ta 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800 a ƙasar Holan, masanin lissafi David van Dantzig ya auna kuɗin ƙara tsayin ganuwar teku da asarar da za a yi in ta karye. Yankin da Amsterdam da Rotterdam suke aka sa masa ma'aunin ɗaya cikin 10,000. Kwalbatin unguwa ba zai samu wannan ba, don haka ana gina shi ne da sanin wata rana ruwa zai haye. Abin da ake nema shi ne ya haye ya wuce ba tare da ya cinye gefe ba. Kankarenka ya ci jarrabawa. Gefen ne ke buƙatar bangon fukafuki, wato bangon da ke miƙewa daga bakin kwalbati yana riƙe ƙasar gaɓa, da jeren dutse da siminti a mashiga da mafita.

Dattijon Karkara:

Yarana, ku yi mini uzuri, ban yi boko mai zurfi ba. Amma maganar jakar da ba ta tuna bara ba ta kwanta mini ba. Na ga farin 1973, na ga na 1984. Ba shekara ɗaya ta lalace ta wuce ba, shekaru ne suka jeru, rijiyoyinmu suka yi ta ja da baya. Yanzu kuma ruwa ke jeruwa, 2012, 2020, 2022, ga Maiduguri a 2024. A ganina shekaru suna tafiya garke-garke ne kamar tumaki.

Malamin Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara girma, kun taɓo inda misalina yake da rauni. Wani Bature mai suna Harold Hurst ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin Kogin Nilu a Masar, ya bi bayanan ma'aunin ruwa na tsibirin Roda da ke Alƙahira, waɗanda suka haura shekara 800. A 1951 ya nuna abin da kuka faɗa: shekarun cika suna bin juna, na ƙaranci ma haka, fiye da yadda zaren wake zai bayar. Daga baya masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya laƙaba wa wannan hali sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. Ma'anarsa ga kwalbati ita ce, in bayanan da aka yi amfani da su sun fi yawa daga shekarun fari, lambar za ta fito ƙarama, a buɗe baki ƙarami. Jakar wake ta isa ta bayyana ma'anar sunan, amma a wannan yanki namu ba a rufe lissafi da ita kaɗai.

Birkilan Unguwa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na bi ƙoramar da ƙafa zuwa sama. Gonar gero da ke bayan makarantar allo lokacin da muka yi ginin, yanzu na ƙirga gidaje 43 a cikinta, duk rufin kwano, kwatocinsu duk sun fuskanto ƙoramar. Na kuma zura sanda a bakin kwalbati na hagu, yashi ya kai rabin mita.

Ranar Juma'a bayan masallaci zan je majalisa da wake a leda, 24 fari da ɗaya ja, in nuna wa dattawa. Hajiya Injiniya, bangon fukafukin nan, tsawon mita nawa ya kamata ya shiga cikin gaɓa, kuma tushensa zurfin nawa zan haƙa a ƙasa mai rairayi? Ina so mu kwashe yashin mu gama shi kafin ruwan farko.