Jakunkunana suna da kyau a ido, amma mai saye ba ya dawowa: ina gyaran yake?

Sabon Baduku, Birni

Assalamu alaikum. Ina neman shawara daga dukawa, da majema, da duk wanda ya daɗe yana cinikin kayan fata. Ni mazaunin unguwar Birni ne a nan Damagaram, kuma na yi shekara huɗu ina koyon dukanci a hannun kawuna, wanda aikinsa ya fi ƙarfi a kan kube, da gafaka, da kayan doki. Bara ya sallame ni na kama rumfata, sai na koma ɗinkin jakar hannu ta mata, da alabe, da takalma, domin na lura kayan doki ba su motsi sai hawan Sallah ya gabato.

Abin da ya dame ni shi ne, a daminar da ta wuce wata baiwar Allah ta sayi jar jaka a wurina, ta tafi biki da ita, yayyafi ya taɓa ta, launin ya zuba a kan farin mayafinta. Ta dawo ta nuna mini, na mayar mata da kuɗinta, amma kunyar ba ta bar ni ba har yau. Wani kuma ya ce alaben da ya saya yana wari idan ya kwana a aljihu. Ga batun farashi: ranar Alhamis idan na kai kaya kasuwar Dole, ana taya mini jakar da na yi kwana biyu a kanta da kuɗin jakar roba. Ɗinkina ba ya warwarewa, wannan kam na tabbata. To, ina matsalar take, kuma ta ina zan fara?

Tsohon Baduku, Zango

Wa alaikumus salam. Ɗana, kana neman gyara a wurin ɗinki, alhali ɓarnar ta auku tun kafin basilla ta taɓa fatar. Kawunka bai rage ka da komai ba, sai dai kube da linzami a sarari suke, iska tana dukansu, kuma babu mai kai su hanci. Jakar mace kuwa a ɗaki take kwana, a jikin tufafi take yini. Fatar da ta isa kayan doki ba lallai ne ta isa jaka ba.

Idan ka je majema, kada ka saya a dunƙule. Ka ɗaga kowace fata ka fuskanci rana da ita, domin a nan ne za ka ga inda wuƙar mai fiɗa ta zarce ta bar wurin da rauni, ko da bai huda ba. Ka ninka ta, fuskar tana waje, ka matse da yatsa. Idan fuskar ta tsage, ka ajiye. Sannan ka roƙi a yanka maka ɗan gefe daga wajen wuya, inda ta fi kauri, ka dubi tsakiyar yankan. Idan launin bagaruwa ya ratsa daga fuska har baya, jima ta kai. Idan ka ga farin layi a tsakiya, wannan ɗanyen wuri ne, shi ne zai yi wari da zarar ya sha gumi ko laima, kuma babu turaren da zai raba shi da wannan wari. Ina zaton abin da ya sami alaben mutumin nan ke nan. Wani lokaci kuma warin daga mai ne: man gyaɗan da aka shafa da yawa, ko wanda ya daɗe, yana yin ɗoyi a cikin fata. Ka shafa kaɗan, ka murza shi ya shiga, ka bar fatar a inuwa.

Ga jaka da alabe ka nemi fatar akuya, musamman ta jar akuyar nan ta Maraɗi da Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita tun zamanin da, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Fatar tunkiya tana da laushi, tana yaudarar hannu, amma ba ta da ƙarfi. Wurinta shafi ne. Maratayi kuwa kirgi yake so, wato jemammiyar fatar saniya. A wajen yanka, ka sani gadon baya shi ne mai tauri, ciki da hammata su ne masu miƙewa, saboda haka fuskar jaka da duk abin da zai ɗauki nauyi daga baya za ka fitar da su, kuma maratayi ya bi tsawon dabbar, kada ya gitta.

Batun zubar launi, ban san da me ka rina ba, amma na fi zaton galura ce ta kasuwa. Kakanninmu da karan dafi da ruwan toka ko kanwa suke fitar da ja, da gangamau suke fitar da rawaya, baƙi kuwa da kuloko, rinin da ake haɗawa da ƙarfe. Ban ce galura haramun ce ba, ni ma ina aiki da ita. Kuskuren yara shi ne dama ta da kauri don launi ya fito a shafa ɗaya, sai garin da fatar ba ta sha ba ya zauna a sama yana jiran ruwa. Ka dama ta da ruwa-ruwa, ka shafa sau biyu ko uku, kana bari tana bushewa tsakani, sannan ka goge da tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi, ka bi da kakin zuma kaɗan, ka murza da kwalba ko dutse mai santsi. Kafin ka yanka, ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. Idan ƙyallen ya yi ja, mayafin mutane ma zai yi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: fatar bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe. Abin da ya sa kuloko yake baƙanta ta shi ne ƙarfen da ke cikinsa, to haka zobe ko maɓallin ƙarfe mai tsatsa zai bar mata baƙin tabo a damina. Ka nemi na tagulla, ko da ya fi tsada.

Majemi Ɗan Gado

Baba, gaskiya ka faɗa, amma ina roƙon a ji namu ɓangaren, domin kullum idan jaka ta yi wari majemi ake kira. Sau da yawa fatar ta lalace tun kafin ta iso hannunmu. Fatun layya su ne misali: a rana ɗaya ake yanka dabbobi masu yawa, da dama daga masu fiɗar ba mahauta ba ne, ana barin kitse a jiki, a jefar da fatar a ƙasa a rana, ko a naɗe ta a leda har washegari. Wadda aka shanya a kan ƙasa mai zafi bayanta yana bushewa, cikinta yana ruɓewa, kuma ba a gane wannan sai ta shiga ruwa. Da za a kankare kitsen, a zuba gishiri a ranar, a shanya a inuwa, da rabin ƙorafin nan bai taso ba.

Sannan dukawa su ma suna da nasu. Baduku zai zo yana son fata gobe, kuma yana son ta da araha. Jima kuwa mataki-mataki ce: a jiƙa, a sa a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a wanke, a sa a bagaruwa, a sake sabon ruwan bagaruwa, a wanke, a sa mai, a shanya. Wanda aka matsa wa zai tsallake wanki ɗaya ko ya rage kwanan bagaruwa. Ƙanena, shawarata ita ce ka riƙe majemi ɗaya, ka gaya masa jaka za ka yi, ka ba shi kafin alƙalami, ka ba shi lokaci, ka kuma yarda ka biya fiye da na kowa kaɗan. Zai ware maka masu kyau da kansa, tunda ya san za ka dawo.

Hajiya Mai Kanti, Yamai

Ni ba na ɗinki, amma na daɗe ina sayen kayan fata daga Damagaram da Agadas ina sayarwa a nan Yamai, don haka zan yi magana a kan ciniki. Ɗana, kasuwar Dole ba ta yi maka laifi ba. Wanda ya shigo ranar Alhamis daga ƙauye da kuɗin cefane a hannu ba shi ne mai sayen jakar kwana biyu ba. Ka kai can abin da ya dace da can, wato takalma masu sauƙi, da ƙananan alabe, da layu da kake fitarwa daga ragowar yanka. Jakar kuwa ka nema mata mutanenta: ma'aikata, da malaman makaranta, da masu haɗa lefe, da ƙungiyoyin da ke raba jaka a wurin taro. Masu yawon buɗe ido da iyayenku suka dogara da su sun yi ƙaranci shekaru da dama, kuma ban ga hikimar zama jiransu ba.

Waɗannan mutane awo suke saye kafin ado. An sha kawo mini jakar ofis mai kyan zane wadda takarda ba ta shiga sai an lanƙwasa ta. Takardar ofis santimita 21 ce a faɗi, tsawonta kusan 30, saboda haka cikin jakar ya zarce haka da yatsa biyu. Katin banki kusan santimita 8 da rabi ne a 5 da rabi. Alabe kuma ka gwada shi da takardar jika goma, ka ga ta kwanta ba tare da bakinta ya leƙo ba. Ka yanka ma'auninka a kwali mai ƙarfi, ka rubuta wa kowane samfuri suna, ka adana. Babban abin da ke raba ni da dukawa shi ne in ga samfuri ɗaya in ce a yi mini ashirin, a kawo mini ashirin kowace da girmanta. Kuma kada ka ɗinka zif mai arha a jikin fata mai kyau, domin shi ne yake fara mutuwa, mai jakar kuwa ba za ta ce zif ya lalace ba, cewa za ta yi jakarka ta lalace.

Farashi kuma da alƙalami ake yanke shi, tun kafin mai saye ya iso. Misali, a ce fata, da shafi, da zare, da zif, da zobba sun ci jika biyar. Ka ƙara ladan kwana biyunka kamar yadda za ka biya wani gwani idan shi ka sa, ka ƙara rabon haya da na fatar da ta lalace, sannan ka ɗora riba. Abin da ya fito shi ne ƙasan da ba ka sauka. Ka bar ɗan wurin ragi a sama, tunda mutanenmu ba su jin daɗin ciniki sai sun taya, amma idan an sauko ƙasa da lissafinka ka ce albarka, fuska a sake. Aikin da aka sa ka kuwa, ka karɓi rabin kuɗi tukuna, kuma kada ka ɗauki alkawarin Sallah fiye da abin da hannunka zai iya.

Ga WhatsApp da Facebook, ka ɗauki hoto da safe a inuwa, a kan farin zane, ka nuna gaba, da baya, da ciki, da ɗinkin kusa, ka rubuta awo da farashi. Kada ka gyara launin hoton, domin wadda ta ga ja mai haske aka kawo mata mai duhu ta tafi ke nan. Idan za ka aiko da kaya a motar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ka cusa takarda a cikin jakar don kada ta lotse, ka naɗe ta da takarda ko ƙyalle. Leda tana tara gumi, kuma a damina fumfuna take kawowa. In hannunka ya faɗa, ka nemi shiga ƙungiyar masu sana'ar hannu ta jiha, domin ta nan ake samun labarin baje koli irin SAFEM na nan Yamai da SIAO na Wagadugu.

Ɗan Magarya

Ƙari kaɗan a kan maganar Hajiya. Mu da ke kusa da iyaka muna sayo zif, da zare, da gam daga Kano, kuma suna da sauƙi, amma kada ka jingina sana'arka duka a kan wannan hanya. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, kuma duk wanda bai da ajiya ya zauna. Idan za ka sayar wa mutanen Najeriya, ka yanke farashinka da sefa, a canza a ranar biya. Sannan idan wani ya ce ka yi masa jakar fatar kada ko ta mesa zai fita da ita waje, ka sani waɗannan suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya a kan cinikin namun daji, ba su ƙetara iyaka sai da takardar izini, kuma ana ƙwace su a filin jirgi.

Sabon Baduku, Birni

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na yi gwajin da ka ce a kan fatu bakwai da suka rage mini. Uku suna da farin layin nan a wajen wuya, kuma jar da na yi waccan jaka da irinta ta rina ƙyallen tun a gugar farko. Na ware ukun. Na je majema jiya na yi magana da mutum ɗaya kamar yadda yayana ya ce, mun yi da shi zai ba ni goma bayan sati uku. Hajiya, na auna alabena da takardar jika goma, bakinta ya leƙo da kusan yatsa guda, don haka na sake yanka kwalin. Saura tambaya ɗaya: fatu ukun nan da jima ba ta ratsa ba, a mayar da su cikin bagaruwa, ko sun riga sun tashi daga aiki?

Majemi Ɗan Gado

Idan ba ka rina su ba, kuma ba su sha mai da yawa ba, ka kawo su a jiƙa, a wanke, a mayar da su sabon ruwan bagaruwa, sau da yawa suna karɓa. Wadda ta riga ta fara wari kuwa kada ka sa ta a jaka ko alabe ko da an sake jeme ta. Ka yanke wuyan ka zubar, sauran ka fitar da igiyar takalmi da tsintsiyar kube.