Kayan kwalliya masu araha: abin da mata suka yi ittifaƙi a kai

A wata hira da wasu mata suka yi kan kayan shafa masu sauƙin kuɗi, yawancinsu sun yarda cewa tsada ba ita ce inganci ba. Hoda, jan baki da jagira na talaka suna aiki sarai, in dai an duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya) da ranar da za su lalace.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan man shafawa. Wanda ake haɗawa a roba babu suna, ana cewa zai haska fata cikin mako guda, a guje shi. Irinsu ne ake cusa wa sinadarai irin su hydroquinone, mercury ko steroid, masu sa fata ta yi siriri, ta fito da nankarwa, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Mercury kuwa har ƙoda yake taɓawa. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, kuma a ganina ba ta yi zuzutawa ba.

Sabon mai, a fara ɗiga shi a bayan kunne ko cikin hannu, a jira kwana 2. Kada a gwada sababbi biyu lokaci guda, don in ƙuraje suka feso a san mai laifi.

Man kaɗanya ya sha yabo, musamman da hunturu, sai dai masu maiƙon fuska sun ce a shafa shi a jiki kawai, ban da fuska. Sabulun salo yana busar da fatar wasu. An kuma ja kunne kan aron kwalli ko jan baki a gidan biki, da kwanciya da hoda a fuska.