Neman shawara: ta ina zan fara kallon tsofaffin finafinan ban tsoro?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na ci karo da guntun Dracula na 1931, inda Bela Lugosi, wanda ya fito a Dracula mai shan jini, ke tsaye a kan matakala riƙe da kyandir, yanar gizo ta lulluɓe ko'ina. Ko ɗigon jini ban gani ba, amma tsigar jikina sai da ta tashi. Na zamanin nan sun gundure ni, daga ihu sai yanka. Da wanne zan fara? Ga ƙanena ɗan shekara 12 ya nace sai mun kalla tare.

Wani ɗan uwa:
Wa'alaikumus salam. Fara da Frankenstein, shi ma na 1931 ne, kamfanin Universal. Boris Karloff ne dodon, kuma har fim ya ƙare bai furta kalma ɗaya ba, sai gurnani. Akwai wurin da aka buɗe rufi haske ya sauko, ya ɗaga hannuwa yana son kama shi kamar jariri. Wallahi tausayi ya fi tsoro yawa a nan. In ka gama ka bi da Bride of Frankenstein na 1935, inda wani makaho mai goge ya karɓe shi baƙo, ya koya masa magana. Sai dai ka fara kallon na farkon kai kaɗai, don akwai inda dodon ya jefa wata yarinya a tafki.

Wata 'yar uwa:
Malam, ni dai Christopher Lee nake yi. Dracula na kamfanin Hammer na Ingila, 1958, wanda shi ne Dracula a ciki, mai launi ne: idanu jajur, jini a fiƙa. Peter Cushing kuma, wanda ya fito a Van Helsing mai farautar Dracula, ya daka tsalle ya fizgo labule, rana ta faɗo wa Dracula. Amma wannan kam ba na yara ba ne.

Wani kuma:
Nosferatu na Jamus, 1922, ka bar shi zuwa gaba. Babu magana a ciki, sai mai haƙuri. Inuwar Max Schreck, wanda ya fito a dodon, tana hawa bene kaɗai ta isa ta hana ka barci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Karloff zan ɗauka a daren Juma'a, ni kaɗai tukuna.