Sandar girma ce ko kwagirin Bature?

Bakatsine Na Asali: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Jiya a wani gidan rediyo, cikin rahoto ɗaya, ɗan jarida ya ce an miƙa wa sarki "sandar girma", ya koma ya ce "sandar mulki", can kuma ya ce "kandiri". Wai wanne ne? Ni a wurina ma duk babu girma a ciki. Gwamna Lugga ne ya zo da ita. Da ya ci Kano da Sakkwato a 1903 aka shiga kasa sarakuna aji-aji, wannan mai daraja ta ɗaya, wancan ta biyu. Mu a Katsina da Gajere, takobin Sarki Korau, ake sanin sarki, ba da wani kwagiri mai kan azurfa ba. Mai ja ya fito.

Ɗan Fagge: Kwagiri fa ka ce? Kwagiri shi ne mai lanƙwasasshen kai da tsoho ke dogarawa in gwiwa ta gaza. Abin da gwamna zai tashi tsaye ya miƙa a gaban dubban mutane, ana busa kakaki, shi ne kwagiri? Ka janye, Malam.

Bakatsine Na Asali: Ba itace ba ce? Ba a dogara ta?

Ɗan Fagge: To gorar Bafillace ma itace ce, kulkin ɗan sanda ma itace ne. Sai ka kira su kwagiri mu ji.

Basakkwace: Ku duka kun yi kure. Sandan girma aka cewa, sanda namiji na. Ku Kanawa kuka maishe shi mace. Kuma Shehu Usmanu tuta ya bai wa almajirai nai, ba sanda ba.

Ɗan Fagge: Allah Ya ji ƙan Shehu, amma Hausar littafi "sandar" ta ce. Je ka duba kowace jarida.

Basakkwace: Jarida ta haifi Hausa?

Malama Mai Alli: Yayyena, ku dakata. Kandiri ba baƙuwar kalma ba ce. Doguwar sanda ce miƙaƙƙiya, irin wadda liman ke riƙewa yana huɗuba ran Juma'a. Kakata ba ta taɓa ce mata sanda ba. Ɗan jaridar nan bai yi laifi ba, ya dai cika son burgewa.

Ɗan Fagge: Ƙanwata, kakarki ƙamus ce?

Malama Mai Alli: Ta fi ƙamus, don ita ba ta zagin mutane.

Jikan Dogari: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Rawani ke naɗa sarki. A Kano akwai tagwayen masu, akwai takalmin gashin jimina, ga tambura. Sanda shaidar gwamnati ce kawai, shi ya sa take zuwa a makare. An naɗa Sarki Sanusi a Yunin 2014, sai Fabrairun 2015 Kwankwaso ya ba shi sanda. A watannin nan ba sarki ba ne?

Na Gidan Nasarawa: Ai ka ƙarasa. An cire Sanusi a Maris 2020, aka bai wa Sarki Aminu Ado sanda a 2021 a filin wasa na Sani Abacha, duniya na kallo. Wa ya karɓe ta daga hannunsa?

Jar Hula Har Abada: Doka ta karɓe ta a Mayun 2024. Hannun da ya bayar shi ke karɓa.

Na Gidan Nasarawa: Ashe dai kun yarda ta 'yan siyasa ce.

Jar Hula Har Abada: Lokacin da Ganduje ya raba masarautar Kano har gida biyar ba ka ce haka ba.

Badamagare: Mu nan Zinder Faransa ta mulke mu, ba mu san Lugga ba. Ku dai ci gaba, muna sauraro.

Wani Bawan Allah: Ita kuma wadda aka sace a Majalisar Dattawa a 2018, aka tsinto ta ƙarƙashin gada a Abuja, sunanta me? Ita ma sandar girma na ji ana ce mata.

Jikan Dogari: Kar ka haɗa mana fada da wurin dambe.

Mai Kula Da Zaure: Na rufe maganar nan, ta koma rikicin Kano. Abin da na fahimta: kowa ya yarda "sandar girma" ce daidai, kamar yadda muke faɗa a Kano. "Sandan" karin harshe ne, a bar wa masu shi. Kandiri na masallaci ne. Shi kuma ɗan'uwanmu na Katsina ya gane kwagiri rashin ladabi ne, ya janye.

Bakatsine Na Asali: Yaushe na janye? Kuma har yanzu ba wanda ya taɓa maganar Lugga.

Basakkwace: Ni ma ban yarda ba. Sandan.