Matasa sun kawo sabuwar waƙa, wasan kwaikwayo da tuta don Ista: ta ina za a fara?

Sakataren_Matasa

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saura mako takwas Ista, kuma matasan ikilisiyarmu sun kawo wa dattawa abu uku: sabuwar waƙa da ɗayansu ya tsara, wasan kwaikwayo kan shan wahalar Almasihu, da tuta mai rubutu da za a rataya a gaban majami'a. Kan dattawa ya rabu. Wasu sun ce a bar yara su yi amfani da baiwarsu, wasu sun ce kada sujada ta koma dandalin nuna gwaninta. Tsawon ɗakin sujadarmu ya kai mita 20, lasifika biyu gare mu da makirufo huɗu. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su ba mu matakai dalla-dalla, da abin da ya saba ɓacewa, don mu kai wa dattawa magana mai kai.

Malamin_Waƙa

Ɗan'uwa, bari in ɗauki waƙar, domin ita ce za ta daɗe bayan an naɗe tuta an manta da wasa.

Tambaya ta farko: waƙar ta ƙungiyar mawaƙa ce, ko ta jama'a duka? Tsarinsu ba ɗaya ba ne. Mawaƙa sun yi horo, suna iya hawa da sauka yadda aka so. Jama'a kuwa akwai tsoho, akwai yaro, akwai mai goyo a baya. In ta jama'a ce, kada faɗinta ya wuce daga do na ƙasa zuwa do na sama, ko a ƙara taki ɗaya. A kibod, wajen C zuwa D na sama ke nan. Matashi yakan tsara waƙa daidai da muryarsa, sai ranar sujada a ga maza sun yi shiru a wurin amshi saboda ya yi musu tsayi. Maganinsa a sauke kii, wato tsayin sautin waƙar, da taki biyu a sake gwadawa, amma da mutanen da ba mawaƙa ba.

Sai kalmomi. A rubuta baitocin a ƙirga gaɓoɓin kowane layi. In layin farko na baiti na ɗaya gaɓa takwas ne, layin farko na baiti na biyu da na uku su ma su zama takwas. Tsoffin waƙoƙin sujada da yawa 8.6.8.6 suke bi, wato gaɓa takwas, shida, takwas, shida, shi ya sa kari guda yake ɗaukar baiti biyar ba tuntuɓe. A Hausa akwai ƙarin aiki: gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da kuma hawa da saukar murya. In aka ɗora gajeriyar gaɓa a kan dogon sauti, ko kari ya haura inda kalmar take sauka a bakin mai magana, mai sauraro zai ji kiɗa amma kalmar ta kuɓuce masa. Gwajin ba wuya. Wani ya karanta layin kamar yana magana, sannan a rera. Inda biyun suka yi karo, a canza kalma ko a lanƙwasa karin. Sau da yawa karin ne ya kamata ya ba da kai.

Amshi ya zama gajere, layi biyu, wanda za a kama a ji na biyu. Zabura 136 tana da aya 26, kowacce da amshi iri ɗaya, don haka tsarin mai bayarwa da 'yan amshi ba baƙo ba ne a sujada. Baiti uku sun isa, huɗu in labarin ya buƙata.

Koyarwa kuma kada a bar ta sai safiyar Ista. Lahadi ta farko mawaƙa su rera ta lokacin baiko, jama'a na saurare kawai. Ta biyu, a ɗauki minti biyar kafin a soma sujada a koyar da amshi. Ta uku a rera gaba ɗaya. A huta mako guda, a sake. In waƙar tashin matattu ce zalla, kuma cocinku na kiyaye lokacin azumi ba a rera Halleluya, to a mayar da koyarwar zuwa taron tsakiyar mako da na zumuntar mata. Matan zumunta in suka kama waƙa, ta zauna.

Abin da ya fi kashe sabuwar waƙa shi ne ganga. A baiti na farko mai ganga ya sassauta hannu ƙwarai, ko ya dakata sai amshi, domin mutane ba su san kalmomin ba tukuna, kunnensu suke dogara da shi. Kuma a tambayi mai waƙar kai tsaye ko karin nasa ne. In ya ɗauko shi daga waƙar da ake yayi, rabin jama'a za su riƙa jin kalmomin asali a zuciyarsu, ban da maganar haƙƙin mai ita.

Mama_Mai_Shirya_Wasa

Ɗana, game da wasa: ku taƙaita. Minti 12 zuwa 15 in cikin sujada za a yi. Mai magana a natse yana faɗin kalma kusan 130 a minti, ke nan rubutun kada ya wuce kalma 1,500, tunda shiga da fita ma suna cin lokaci. Abin da masana suke ɗauka tushen wasan coci a Turai, a ƙarni na 10, 'yan layuka ne tsakanin mala'ika da matan da suka je kabari da asuba. In ana son mai tsawon awa guda, a ba shi yammacinsa dabam.

Ku zaɓi Bishara guda ku bi ta, ko Markus 14 da 15, ko Yohanna 18 da 19. In aka gauraya huɗun ba tsari, sai a sa wa Bilatus maganar da bai yi ba. Mai ba da labari ɗaya ya tsaya gefe da makirufo yana karanta nassi, masu magana kada su wuce takwas. Da makirufo huɗu, ɗaya na mai labari, ɗaya na mai fitowa a matsayin Yesu, biyu a kafa su a kan sanda dama da hagu, a shirya tsayuwar 'yan wasa ta yadda mai magana zai iske kansa kusa da ɗaya. Miƙa makirufo hannu da hannu yana yanke wasa. Duk makirufo ya tsaya bayan lasifika, in ya shiga gabanta ƙarar nan mai huda kunne za ta tashi.

Gwaji shida aƙalla, biyu na ƙarshe a cikin majami'ar da kaya da sauti, wani ya zauna a bencin ƙarshe yana ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba.

Yanzu abin da ba na wasa da shi. Ba ƙusa ta gaske, ba mashi mai tsini, ba bulalar da za ta taɓa jiki. Gicciye ya zama na katako marar nauyi, a yi masa matakin da ɗan wasa zai taka, ya riƙe madauki da hannunsa. Kada a ɗaure mutum nauyinsa ya rataya a kan hannuwa, numfashi yakan toshe. Gindin ya sami faɗi da nauyi, maza biyu su tsaya a baya. In aka ƙara wurin da Yahuza ya rataye kansa, mai labari ya karanta kawai, igiya kada ta kusanci wuyan kowa.

Sai dariya. Masu fitowa a matsayin sojoji sukan ga jama'a sun yi murmushi, sai su ƙara gishiri, kafin a kai Golgota ɗakin ya cika da shewa. A gaya musu tun gwajin farko cewa ba su da izinin ƙara ko kalma. Haka taron masu ihu a gicciye shi: kada a mayar da su wata ƙabila da za a tsana. Majalisar Batikan ta Biyu ta cocin Katolika ta bayyana a 1965 cewa ba za a ɗora mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawa ba, kuma garin Oberammergau na Jamus, da yake yin wannan wasa tun 1634, ya gyara rubutunsa saboda wannan dalili.

Baba_Fasto

'Ya'yana, Malam da Mama sun yi bayanin aiki. Ni zan yi magana kan rabuwar kan dattawa, domin kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya.

A Fitowa 31 Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa don aikin zinariya, azurfa, tagulla, sassaƙar dutse da itace, ya haɗa shi da Oholiyab. Sura ta 35 ta ƙara da cewa an ba su ikon koyar da wasu. A 1 Tarihi 15:22 an ɗora Kenaniya kan waƙa saboda ya gwanance, sura ta 25 kuma ta ƙirga horarrun mawaƙa 288. Saboda haka mai cewa gwaninta ba ta da wuri a gidan Allah bai yi daidai ba. Amma sura ta 32 ta Fitowa tana manne da ta 31, kuma a can ma aikin hannu ne da zinariya, sai dai ɗan maraƙi ya fito. Bambancin shi ne Bezalel ya bi fasalin da aka nuna wa Musa, Haruna ya bi abin da taro yake so.

Ma'aunin da nake ba dattawa yana 1 Korintiyawa 14. Aya ta 26 ta yarda kowa ya zo da waƙa ko koyarwa, da sharaɗin a yi don gina ikilisiya, aya ta 40 ta ce a yi da tsari. A aikace ga yadda zai kasance. A naɗa mutum uku, dattijo ɗaya, shugaban mawaƙa, da ɗaya daga matasan. A ba su rubutun waƙar da na wasan a takarda. Su duba ko abin da aka faɗa ya yi daidai da nassi, ko baƙon da ya shigo ranar zai gane, da kuma inda zai shiga cikin tsarin sujada ba tare da ya ture karatu, wa'azi ko Jibin Ubangiji ba. Su ba da amsa cikin mako guda, layi bayan layi, da dalili.

Wannan na ƙarshe shi ne inda mu shugabanni muka fi gazawa. "Za mu duba" da ba ta da rana ta kori masu baiwa daga coci fiye da "a'a" bayyananna. Yaron da aka ce masa layi na uku ya nuna kamar ayyukanmu ne suke cetonmu, gyara shi, zai gyara ya dawo. Wanda aka yi wa shiru ba zai sake kawo komai ba.

Ga matasa kuma: in za a yi wasan cikin sujada, a sanar tun farko cewa ba tafi, ba gabatar da 'yan wasa ɗaya-ɗaya. A wuce kai tsaye zuwa waƙa ko addu'a. Godiya da ambaton sunaye a bar su sai lokacin sanarwa.

Tela_Mai_Zane

Da izinin Baba. Tuta ba ta da wuya in an auna. Ƙa'idar masu rubuta allo ita ce santimita biyu da rabi na tsayin harafi ga kowane mita uku. Ɗakin mita 20 yana son harafi mai santimita 17 zuwa 20, don haka kalma huɗu ko biyar kaɗai za su shiga yadi mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu. Aya guda cikakkiya ba za ta karantu ba.

A wanke yadin auduga kafin a taɓa shi, don ya gama tsukewa kuma sitacin ya fita, in ba haka ba fenti zai ɓare. A yanka haruffa a kwali, a jera su a ƙasa, mutum biyu su duba rubutun, musamman ƙ, ɗ da ɓ, kafin a zana da alli. Fentin yadi shafi biyu marasa kauri, a bar shi kwana ɗaya, a goge ta baya da dutsen guga. A ɗinke aljihu sama da ƙasa a zura sanda, ta ƙasan ita ke hana fanka kaɗa shi.

Launi: cocin da ke bin kalandar sujada fari ko ruwan zinariya yake sawa a Ista, har kwana 50 zuwa Fentikos, ranar da ake sa ja. Shunayya na lokacin azumi ne. Kafin a zana fuskar Almasihu a tambayi Baba Fasto, domin ɗariku sun bambanta a kan hotuna. Gicciye ba kowa a kai, ko kabari da dutse a gefe, ba mai jayayya da su.

Sakataren_Matasa

Allah ya saka da alheri, iyayena. Tambaya ɗaya ta rage: mutanen da za su yi abu ukun kusan su ne dai matasa goma sha biyu da muke da su. Mako takwas zai isa?

Mama_Mai_Shirya_Wasa

Zai isa in ba a haɗa su rana ɗaya ba. Wasan na ranar Juma'ar da ake tuna gicciyewa ne, waƙa da tuta na safiyar Lahadi. Mako na farko a miƙa rubutu ga mutum ukun da Baba ya ambata, na biyu a yi gyara. Daga na uku mawaƙa su soma koyon waƙar, masu wasa su soma gwaji sau ɗaya a mako, a mayar da shi sau biyu a makonni biyu na ƙarshe. Tuta aikin Asabar biyu ce, a ba mutum biyu da ba su da dogon layi a wasa, a gama ta a mako na shida.

In a mako na biyar mai fitowa a matsayin Yesu da Bilatus ba su haddace layinsu ba, kada a yi ta ja. A mayar da wasan karatu mai muryoyi: kowa ya tsaya da takardarsa, mai labari na karantawa, jama'a su ɗauki muryar taro daga takardar da aka raba musu. Wannan gwaji biyu kawai yake buƙata, kuma makirufo huɗun da kuke da su sun wadatar.