Dan Allah a taimaka, moton stefa sai rawa take ba ta juyawa daidai

Salam 'yan uwa masu harkar lantarki. Ina haɗa ɗan ƙaramin injin yankan katako ne, ina so in juya moton stefa (moto mai juyawa taku-taku) mai girman NEMA 17 daga tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, ta ramin firinta ɗin nan mai ƙafa 25. Direban, wato ɗan allon da ke tuƙa moton, A4988 ne, ƙafa ta 2 ta ramin na kai STEP (bugun taku), ta 3 na kai DIR (ɓangaren juyawa), ta 18 kuma ita ce ƙasa (GND), moton kuwa wutarta daban 12V. Na rubuta ɗan firogiram da C ina tura 1 da 0 zuwa adireshin ramin, 0x378, ta inpout32.dll, fayil ɗin da ke ba firogiram damar taɓa ramin.

To ga matsalar. In na sa Sleep(1), wato umarnin jiran milisakan 1, tsakanin bugu da bugu tana juyawa amma kamar hawainiya, don Windows ɗin wajen milisakan 15 yake jira maimakon 1, ga moton bugu 200 take buƙata kafin ta yi zagaye ɗaya, in na sa 1/16, wato raba kowane taku gida 16, kuwa 3200 ke nan, wlh sai ka yi barci. In na cire Sleep na sa lup kawai, wato maimaita bugun ba jira, sai ta fara ƙara tana karkarwa a wuri guda, ko linzami na motsa sai ta tsallake taku.

Shin akwai yadda zan samu bugun ya fita daidai a Windows, ko dole sai na koma LinuxCNC, manhajar Linux mai sarrafa irin waɗannan injuna? Wani ya ce in sa Arduino, ɗan ƙaramin allon kwamfutan nan, tsakanin kwamfutar da direban, amma ni dai na fi son abin da ke hannuna ya yi aikin. Kuma ko sai na riƙa ƙara gudun a hankali ne? Wanda ya taɓa yi dan Allah ya ce wani abu.